Waƙar da Aka Ɗauka a Fage: Wa Zai Rubuta Sunanta?



Masu sauraron kiɗan jaz a Amurka da Turai suna da wata ɗabi'a da ya kamata mu ara. Idan ɗayansu zai ba ɗan uwansa shawarar abin da zai saurara, ba ya tsayawa ga sunan makaɗi da sunan kiɗa. Cewa zai yi: nemi wanda aka ɗauka a gidan kiɗa kaza, a dare kaza, shekara kaza, kamfani kaza ne ya fitar da shi, kuma ka kasa kunne a wuri kaza. Sau da yawa abin da suka fi ji da shi shi ne wanda aka ɗauka a ƙaramin ɗaki mutane na zaune suna saurare, wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata 'yan ƙalilan ya buga shi a faifai. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, mu Hausawa muna da irin wannan dukiya jibge, musamman a ƙasar Gobir da Zamfara, amma ba mu da ɗabi'ar kiran kowace ɗauka da sunanta, kuma rashin wannan ɗabi'a yana cinye dukiyar a kan idonmu. Aikin gyarawa na masu alƙalami ne, wato mu.

Bari mu fara da misali ɗaya daga can, don a ga abin da muke nufi. A birnin Niyok akwai wani gidan kiɗa a ƙarƙashin ƙasa mai suna Village Vanguard, an buɗe shi a 1935, kuma ba ya cin mutum ɗari biyu. Ranar Lahadi 25 ga Yuni 1961 wani ƙaramin kamfani mai suna Riverside ya kai na'urarsa ya ɗauki kiɗan Bill Evans, mai kaɗa fiyano, tare da abokan kiɗansa biyu. A cikin faifan ana jin ƙarar kofuna da hirar mutanen da ko kula kiɗan ba su yi ba. Kwana 11 bayan haka ɗaya daga cikin ukun, Scott LaFaro, ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara 25. Yau fiye da shekara 60 ke nan, duk mai son jaz ya san ranar, ya san ɗakin, ya san waɗanda suka yi kiɗan da kamfanin da ya ɗauka. Abin da ya tsare wannan yini guda daga ɓata abu biyu ne: wani ya ɗauka, wani kuma ya rubuta bayanin abin da aka ɗauka a bayan faifai.

To mu dawo gida. Mu ɗauki yankin da ya taso daga Gatawa zuwa Sabon Birni, ya gangara Isa, ya leƙa Shinkafi, ya tsallaka iyaka zuwa Tsibiri da Maraɗi. Nan ne kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yake. Nan ne kuma Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi zamaninsa yana kiɗan kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Duk wanda ya taɓa zama ajin Hausa ya ji sunan Bakandamiyarsa da waƙar Dokin Iska. Idan aka ɗan faɗaɗa da'irar, za a tarar da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Sa'idu Faru makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, da Ɗan Anace na 'yan dambe da manoma. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ba ƙaramin yanki ba ne a tarihin adabinmu.

Yanzu mu tambayi kanmu. A cikinmu mutum nawa ne ke da waƙar Narambaɗa a wayarsa? Da yawa. Mutum nawa ne zai iya faɗin inda aka ɗauke ta, ko wanda ya ɗauka, ko daga hannun wa ta fara fitowa? Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, kafin kaset ya bazu a ƙasar Hausa, domin shi kansa kaset sai a 1963 kamfanin Philips ya fito da shi. Ke nan abin da muke ji yau kwafi ne na kwafin wani kwafi, ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso gare mu, kuma a kowane hannu yana zubar da wani abu na bayaninsa. Abin da ya rage mana sau da yawa shi ne suna guda a kan allon waya, wani lokaci ma lamba ce kawai, wani lokaci an liƙa wa waƙar wani makaɗi sunan wani.

Wani zai ce, ina ruwan mai saurare da wurin ɗauka, ai waƙa waƙa ce. Wannan magana ta yi daidai da waƙar situdiyo ta yau, wadda ake yi sau ɗaya, a gyara, a fitar, ta zauna a haka har abada. Waƙar baka ba haka take ba. Gindin waƙa na nan daram, amma ɗiyanta suna canjawa daga fage zuwa fage. Makaɗi yana kallon taro yana saƙa. Wani basarake ya shigo, sai a buɗe masa ɗa. Wani ya yi kyautar riga ko doki, sanƙira ya sanar, sai a ji waƙar ta karkata ta nufi godiya. Wani abokin hamayyar ubangida ya gilma, sai habaici ya faɗo, taro ya ɗauki sowa. A filin dambe kuwa, kisa ɗaya kan juya kiɗan gaba ɗaya. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da wannan: waƙa ɗaya sai a same ta kala-kala, gwargwadon bikin da aka yi ta da mutanen da ke wurin. Don haka wanda ya ce mana ya saurari waƙa kaza ta makaɗi kaza bai gama magana ba, sai ya faɗa mana wacce daga ciki.

Ga kuma wani dalili na na'ura. Tsohon faifan garmaho minti uku zuwa huɗu yake ɗauka a kowace fuska. Makaɗin da ya saba kwashe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya dole ya datse ta, ya zubar da kirarin sanƙira, ya zubar da guɗa, ya bar ƙashi kawai. Kaset mai minti 60 ko 90 shi ya zo ya ba waƙar baka wurin miƙe ƙafa. Shi ya sa ɗaukar biki da ta fada da ta filin dambe suka fi kusa da yadda kakanninmu suka ji waɗannan waƙoƙi da kunnensu.

Su wa suka yi mana wannan ɗauka? A nan ne ƙananan kamfanoninmu suke, ko da yake ba su da rajista ko tambari. Akwai ma'aikatan gidajen rediyo, irin Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, da Rediyon Rima a Sakkwato, da Muryar Sahel a Nijar. Akwai attajiri ko ma'aikacin gwamnati da ya sayi rikoda, ya ajiye ta gaban makaɗi ranar auren 'yarsa ko ranar naɗin yayansa. Akwai mai shagon kaset a bakin kasuwa da tasha, wanda ke karɓar wannan ɗauka ya juya ta a na'ura mai baki biyu, ya rubuta suna da biro ya jera. Daga baya aka samu masu kwamfuta da ke tura waƙoƙi a memori. Waɗannan mutane sun cancanci yabo, don ba domin su ba da yawancin abin da muke taƙama da shi ya tafi da iska. Inda suka gaza shi ne rubutu. Mai shago ya san kaset ɗin daga gidan wa ya fito, amma a kansa ya ajiye sanin, ranar da ya rufe shago ko ya kwanta dama, sanin ya bi shi.

Masu jaz ma sun taɓa gamuwa da irin wannan. Wani mai suna Dean Benedetti ya riƙa bin shahararren mai busa Charlie Parker gidajen kiɗa a 1947 da 1948 yana ɗaukarsa. Saboda tsananin so da tsimin abin ɗauka, da Parker ya gama nasa busan sai ya kashe na'ura, sauran makaɗan ko oho. Sai a 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna Mosaic ya tattara guntayen ya fitar, bayan masana sun sha wahalar gano wane guntu ne na wane dare. Darasin a fili yake. Mu ma yau akwai masu yanke minti biyu daga tsakiyar waƙar Ɗanƙwairo su ɗora a TikTok ko WhatsApp, su jefar da farko inda sanƙira ke faɗin gari da ubangida da dalilin taro. Wurin da ake yankewa a yar shi ne takardar shaidar waƙar.

Abin da ya sa muke ganin maganar ta gaggawa ce, kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. Ƙauyuka da yawa na Sabon Birni da Isa sun watse, mutanensu sun koma Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyun. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun 'yan bindigar da suka sace shi. Allah ya gafarta masa, ya jiƙan duk waɗanda aka rasa. Wanda ya gudu da dare da goyo a baya ba kwalin kaset zai tsaya ɗauka ba. Wanda aka bari a ɗaki kuma, zafi da ƙura da damina da gara ba sa jiran zaman lafiya. Fadar da ake kiɗa a ƙofarta tana cikin makoki, bikin da ake kwana ana yi ya koma na sa'a biyu da rana. Dattijon da zai ji ɗauka ya ce wannan muryar wane ce, wannan ranar naɗin wane ce, shi ma kwanansa na tafiya. Kaset na iya tsira a memori, amma idan dattijon ya tafi ba a tambaye shi ba, an yi asarar rabin abin.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, shi ya ba mu yawancin kalmomin da muke nazarin waƙar baka da su. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006. Daga waje ma, wani Ba'amurke mai suna David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, aka buga su a faifai da bayaninsu, kuma shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A zamaninmu, wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutanen Sahel ya fitar a 2011, ya bi sawun masu su, sannan a 2013 ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Sun share hanya. Amma malamin jami'a ɗaya ko baƙo ɗaya ba zai shiga akwatin kowace kaka a Gatawa ba. Mu ne jikokin, mu ake buɗe wa akwatin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a ɗauka wannan aikin sadaka ne kawai. Marubuci shi zai fara cin riba. Da yawanmu muna kukan cewa Hausarmu ta rubutu ta yi ruwa, jimlolinmu kamar an juyo su daga Turanci, taurarin labaranmu duk bakinsu ɗaya. Maganin yana cikin waɗannan kasusuwan. A nan za mu ji Gobirci da Sakkwatanci da ransu: anka da munka da sunka, shina a maimakon yana, hwara a maimakon fara, ɗiya a maimakon 'ya'ya. A nan za mu ji yadda ake yabon mutum ba a ambaci sunansa ba, yadda ake zagi a cikin ladabi, yadda ake jinkirta magana har taro ya matsu sannan a sake ta. A bayan muryar makaɗi kuma akwai wata makarantar: yadda sanƙira ke jera nasaba, yadda mata ke sanya guɗa a daidai gaɓa, yadda wani daga cikin taro ke jefo magana a mayar masa. Mai son koyon rubuta hira tsakanin mutane ya zauna ya kwafe minti biyar na wannan hayaniya da hannunsa, zai ga bambanci a labarinsa na gaba. Sharaɗi ɗaya ne: in za mu kwafe, mu kwafe yadda aka faɗa. Wanda ya mayar da anka ta koma aka don ya daidaita Hausa ya goge shaidar garin da waƙar ta fito.

To yaya shawarar saurare mai kyau take? Ba sai ta yi tsawo ba, kalma 200 zuwa 300 sun isa. Ta faɗi makaɗi da kayan kiɗansa, kotso ne ko taushi ko kalangu. Ta faɗi wanda aka yi wa waƙar da irin taron, in an gane daga cikin ɗaukar ko daga bakin dattawa. Ta faɗi tsawonta da yadda ta fara da yadda ta ƙare, don a bambanta ta da 'yan uwanta. Ta faɗi hanyar da ta bi ta iso hannun marubuci, daga rediyo ne, ko shagon kaset na wane gari, ko ajiyar gida. Sannan ta faɗi dalilin da ya sa wannan ɗaukar ta cancanci lokacin mai saurare, da mintin da ya kamata ya kasa kunne. Gurbin da ba a samu amsarsa ba a bar shi fili. Shekarar da aka ƙaga ta fi gurbi illa, don gobe wani ɗalibi zai ɗauke ta ya sa a kundinsa, jibi ta zama tarihi.

Mun san akwai masu ja, kuma jansu na da tushe. Na farko zai ce sautin ba daɗi, ga shuu, ga kukan jaki, ga ihun yara. Gaskiya ne, wasu ɗaukar sai an daure. Amma kunne na sabawa cikin kwana kaɗan, kuma wannan hayaniyar ita ce ke faɗa mana cewa a gaban mutane aka yi abin, ba a gyara kuskure ba, ba a sake ɗauka ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu zai kawo maganar haƙƙi, kuma ita ce mafi nauyi. Yawancin makaɗan nan ba su ga ko kwabo daga kasusuwan da aka sayar da muryarsu ba, iyalansu ma haka. Bai kamata mu zama sabon hannu a wannan cin ba. Shi ya sa kiranmu na rubutu ne da adanawa, ba na kasuwanci ba. Wanda ya ga zai ɗora ɗauka a YouTube ya samu kuɗi, to ya nemi magadan makaɗin tukuna, yawancinsu sanannu ne a garuruwansu, wasu ma suna kan sana'ar. Ɗaukar bikin gida kuma ta masu gida ce, akwai sunayen mutane a ciki, wani lokaci da zambon da jikoki ba za su so a tono ba. A nemi izini, in an hana a haƙura da yaɗawa, a rubuta bayanin a ajiye.

Na uku zai ce, ana kashe mutane ku kuna maganar kotso? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Ba mu ce kaset ya fi rai ba, kuma ba mu ce kowa ya hau hanyar da ba ta da aminci don neman waƙa ba. Aikin ana iya yinsa daga Sakkwato, daga Gusau, daga Maraɗi, daga Kano, duk inda mutanenmu suka samu mafaka, ko ta waya da kaka. Amma mu duba abin da ke faruwa da sunan garuruwanmu. Yaron da aka haifa a 2015 in ya ji an ce Isa ko Sabon Birni ko Gatawa, me ke fara zuwa ransa? Hari da garkuwa da kuɗin fansa. In ba mu ajiye masa shaidar cewa a wannan ƙasa an yi fada mai cika, an yi hawan salla, an yi makaɗin da ake karanta maganarsa a jami'o'i ba, to 'yan bindiga sun ƙwace masa har da abin da ya wuce. Tsare wannan shaida ba ya hana kuka, ba ya hana neman a kawo tsaro.

Na huɗu zai ce a cikin waƙoƙin akwai roƙo da fariya da zuga masu faɗa, har da abin da tarbiyyarmu ba ta yarda da shi ba. Akwai. Ba a ce mu yabi komai ba. Mai ba da shawara na gari yana faɗin abin da ke ciki tsakani da Allah, ya ce ga gwaninta, ga kuma inda aka zarce, mai karatu ya zaɓa wa kansa. Wannan ma horo ne da marubuci ke buƙata, ya iya son abu ba tare da ya rufe ido a kan aibinsa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙon junanmu kafin mako mai zuwa. Kowa ya zaɓi ɗauka guda ɗaya tak, wadda ake jin taro a cikinta, ko ta fada, ko ta biki, ko ta dambe, ko ta gayyar noma, ko amadar mata a cikin gida irin ta marigayiya Barmani Coge. Ya saurare ta daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba. Ya sa wa dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya ita, ya yi shiru ya ji abin da za su ce, ya rubuta. In akwai tsohon kaset a gida, a juye shi a waya ko kwamfuta, a ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa, kada a yar da shi bayan an juye. Sannan ya rubuta mana shawararsa a cikin Hausar da zai yi wa abokinsa magana da ita. In mutum 50 suka yi haka a wata ɗaya, mun samu bayanin ɗauka 50 da jiya ba su da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dattawan da za mu tambaya suna nan yau.

Allah ya kawo zaman lafiya a Gobir da Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa, ya sa albarka a alƙalumanmu.